Damina a Kafanchan: Yadda za ka hana laka kama maka takalmi

Mai karatu, idan dogon hutun makaranta ya zo a watan Agusta, kana kuma neman inda za ka kai iyali su sha iska, su huta da hayaniyar Kano ko Kaduna ko Abuja, ka sa kudancin Jihar Kaduna cikin lissafinka. A wannan lokaci ne ƙasar take fito da adonta gaba ɗaya. Gajimare yakan sauko ya lulluɓe kan duwatsun Kagoro da sassafe, gonakin citta da masara su yi kore shar, ruwan Matsirga kuma ya riƙa ruri har ka ji shi tun kafin ka hango shi. Sai dai wannan kyau yana da kuɗin shiga, kuma da ƙafa ake biyansa. Da zarar ka sauka daga kwalta ka kama hanyar ƙauye, laka za ta yi maka maraba, ta kama takalminka, ta bi ka duk inda ka nufa.

Mutumin birni yakan ɗauki laka a matsayin datti kawai, abin da ruwa da sabulu za su raba shi da shi da yamma. Manomin Kwoi da ɗan acaɓan Kafanchan da ma'aikaciyar lafiyar da ke bin ƙauyuka da allurar rigakafi sun san ta wuce nan. Laka tana gajiyar da mai tafiya, tana kayar da mai goyo, tana cinye tsakanin yatsu, har cutar shuka takan ɗauka daga wannan gona zuwa waccan. Abin daɗin shi ne tana da halinta, kuma wanda ya san halin nan zai iya hana ta kama shi tun farko.

Garin da jirgin ƙasa ya raina

Kafanchan ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, kuma jirgin ƙasa ne ya mayar da ita birni. A shekarar 1927 ne layin dogon da ya taso daga Fatakwal, ya ratso Inugu da Makurɗi, ya haɗe da Kaduna ta nan, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos. Wannan mahaɗa ta jawo ma'aikata da ’yan kasuwa daga kowace kusurwa ta Najeriya, suka zauna tare da Fantswam, ’yan asalin wurin. Bayan ’yan shekaru fadar Sarkin Jama'a ma ta taso daga tsohon mazauninta ta dawo cikin garin. A kewaye akwai Bajju da Atyap da mutanen Kagoro da Kaninkon da Kagoma da Jaba da Fulani da sauransu, kowa da harshensa, amma a kasuwa da tasha Hausa ce take haɗa su. Don haka ba za ka rasa wanda za ka tambaya hanya ba.

Daga Kaduna ana bi ta Kachia da Zonkwa. Daga Abuja ana bi ta Bwari da Jere da Kwoi. Mai zuwa daga Jos kuma yakan gangaro ta Manchok da Kagoro. Kowace ka zaɓa, ka yi tafiyarka da rana, ka kuma tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro kafin ka kama ta, domin yankin ya sha fama da tashin hankali a shekarun baya. Matambayi ba ya ɓata.

Dalilin yawan ruwan wannan ƙasa yana tsaye a gabanka idan ka dubi gabas. Iskar damina da ke tasowa daga teku tana cin karo da gefen tsaunukan Filato, sai ta hau sama, ta yi sanyi, ta juye ruwanta a gindinsu. Shi ya sa ake fara ruwa a nan tun watan Afrilu, lokacin da Kano take tsakiyar zafin bazara, ba kuma ya ɗaukewa sai Oktoba. Abin da ke sauka a shekara ya kusa ninka na Kano. Wanda ya saba da jigawar arewa, inda ake ruwa da dare a wayi gari yashi ya shanye shi, sai ya sake lissafi idan ya zo nan.

Laka iri-iri ce

Idan ka lura da ƙasar da kake takawa za ka ga ba ɗaya ba ce. A kan tudu akwai marmara mai tsakuwa, wadda ruwa ke wucewa ta cikinta, ba ta cika kama ƙafa ba. A gangare da hanyoyin gona akwai jar ƙasa mai yumɓu, ita ce mai danƙo. A fadama da bakin rafi kuma akwai baƙin taɓo mai zurfi, wanda yakan haɗiye takalmi ɗungurungum ya bar mai shi tsaye da ƙafa ɗaya.

Sirrin danƙon yana cikin ƙanƙantar ƙwayar yumɓu. Masana ƙasa suna kiran ƙwaya yumɓu ne idan faɗinta bai kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba, kuma siffarta shimfiɗaɗɗiya ce, ba mulmulalliya irin ta yashi ba. Uwargida ta san abin da ke faruwa idan ta kifa farantai biyu masu laima ɗaya a kan ɗaya: sukan manne, sai an zame su gefe kafin su rabu. Haka siririn ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin yumɓu yake manne su da juna, ya kuma manne su da duk abin da ya taɓa su. Idan kana son gwada ƙasar wuri, ɗebi kaɗan mai laima ka murza a tafin hannu. Idan ta yi tsawo kamar igiya ba ta karye ba, yumɓu ya yi mata yawa, ka shirya.

Abu na biyu shi ne lokaci. Ka tuna kwaɓin fulawa. Idan ruwa ya yi masa yawa yakan zame daga hannu, idan gari ya yi yawa yakan marmashe, a tsakiya ne yake liƙewa a yatsu. Laka ma haka take. Ana cikin ruwa, ko an ɗauke yanzun nan, caɓi ce: tana da santsi amma ba ta taruwa sosai a takalmi. Idan ta bushe kuma ba ta da wani ƙarfi. Lokacin da ta fi mugunta shi ne bayan an ɗauke ruwa da ’yan sa'o'i, rana ta fara tsotse ta, samanta ya yi kamar ya bushe alhali cikinta danƙo ne. A nan baƙo yake ruɗuwa, ya ga rana ta fito ya ce hanya ta yi kyau.

Abu na uku shi ne mafi amfani gare ka: laka ’yar'uwarta take kamawa. Shimfiɗar farko tana neman wurin da za ta maƙale ne, kamar bakin ɗinki, igiyar takalmi, yadi mai gashi-gashi, tsatsa, ko busasshiyar lakar jiya da ba a wanke ba. Idan ta sami wurin zama, kowane taku sai ya ƙara mata wata, har takalmi ya koma kamar an ɗaura maka bulo. Duk dabarar da za ka ji a ƙasa, manufarta hana wannan shimfiɗa ta farko zama ce.

Nauyin da ba ka san ka ɗauka ba

Kada ka raina rabin kilo na laka a ƙafa. Wani bincike da masanan rundunar sojan Amurka suka wallafa a 1969 ya nuna cewa nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfin mai tafiya kamar ninki huɗu zuwa shida na irinsa da aka ɗauka a gangar jiki. Dalili kuwa a fili yake: kayan da ke bayanka tafiya kawai suke yi tare da kai, amma abin da ke ƙafa sai ka ɗaga shi, ka wurga shi gaba, ka tsayar da shi, a kowane taku. Ke nan rabin kilo a kowace ƙafa ya yi daidai da a ɗora maka kusan kilo 5 a baya. Babba zai jure na ɗan lokaci. Yaro ɗan shekara bakwai kuwa, da ka ji ya fara cewa a ɗauke shi, duba ƙafarsa kafin ka ce masa rago.

Gajiya ce ƙaramar matsalar. Idan laka ta cike ramukan ƙasan takalmi, haƙoran da ke riƙe ƙasa sun tashi aiki, kana tafiya ne a kan abu mai sulɓi. Ba ta kuma taruwa daidai wa daida, takan fi tudu a dunduniya ko a gefe ɗaya, sai idon sawu ya riƙa karkata, daga nan targaɗe yake zuwa. Ga mai juna biyu, da mai goyo, da tsohon da ƙashinsa ya yi rauni, faɗuwa ɗaya tana iya zama jinyar watanni. Sannan akwai abin da kusan kowa yake yi idan takalmi ya dame shi: ya cire ya riƙe a hannu, ya ci gaba da tafiya ba takalmi. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago, kamar yadda za mu gani.

Darasi daga nesa

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A ƙasashen sanyi irin su Nowe da Suwizalan da Kanada, akwai masu hawan tsaunuka a kan dogayen alluna masu santsi da suke ɗaurawa a ƙafa don zamiya a kan dusar ƙanƙara. Su ma kukansu ɗaya da naka: dusar takan taru a saman allunan, su riƙa jan nauyin banza zuwa kan dutse. Sun gano cewa allo mai duhun launi yana zuƙar zafin rana, ya narkar da dusar da ta fara sauka a kansa, laimar ta kama wata, a inuwa kuma ta sake daskarewa. Wato a can ma tsaka-tsakin laima ne mai kamawa. Maganinsu shi ne su goge saman allon da kaki tun daga gida, su cike ƙarzunan da ke jikinsa, su kuma riƙe ’yar makankara a aljihu suna kankare dusar tun ba ta yi yawa ba.

Manoman Amurka ma sun sha wannan wahala. Baƙar ƙasar jihar Ilinoi takan liƙe wa garmar ƙarfen zubi, sai manomi ya riƙa tsayawa yana kankarewa bayan ’yan taku. A 1837 wani maƙeri mai suna John Deere ya ƙera garma da gogaggen ƙarfe mai sheƙi, ƙasa ta riƙa zamewa daga jikinta da kanta. Sunansa ne har yau a jikin korayen taraktocin da kake gani. Manomin citta a Kachia bai buƙaci a ba shi wannan labari ba. Ya san fartanyar da ke aiki kullum, bakinta na ƙyalli, ba ta riƙe ƙasa kamar wadda ta kwana biyu a jingine ta yi tsatsa.

Shiri tun daga gida

Fara da zaɓen takalmi. Wanda ya fi dacewa da hanyar gona shi ne takalmin roba mai dogon wuya irin na manoma, domin samansa sumul yake, ba ɗinki ba igiya, ga shi yana kare ƙwauri daga ƙaya da saran maciji. Lokacin saye ka juya shi ka duba ƙasansa. Nemi mai manyan haƙora da faɗin rata a tsakaninsu, kamar tayar tarakta, domin idan takalmin ya lanƙwasa lakar takan faɗo da kanta. Mai ƙananan zane a matse yana cikewa tun a taku goma na farko. Ka sayi wanda zai karɓi safa mai kauri ba tare da ƙafa tana yawo a ciki ba. Yara musamman, kada a saya musu babba don su girma a ciki, laka za ta zare shi.

Kambas da takalman motsa jiki masu raga su ne abincin laka, tana shiga kowace ƙofa ta yadin, ba ta kuma fita da sauƙi. Silifa kuwa ba ta riƙe dunduniya, ƙafa tana zamewa a cikinta, tana kuma fesa maka taɓo har ƙeya. A ajiye ta don tsakar gida.

Idan takalminka na fata ne, wanke shi ka bar shi ya bushe sarai, sannan ka shafe samansa da man goge takalmi, ko man kaɗe, ko kakin zuma, wanda ba ya wuyar samu a kasuwannin yankin tunda ƙasar zuma ce. Ka fi ba da ƙarfi a bakin ɗinki da inda fata ta haɗu da ƙasan takalmin. Yi wannan da dare don fatar ta sha, da safe ka goge har ta yi sheƙi. Igiyar ma ka murza mata kyandir, ka cusa bakinta ciki. Takalmin roba kuwa ba ya son mai: baƙin mai da kananzir da basilin suna lalata roba, su sa ta tsage. Abin da yake buƙata shi ne wanki tas, ba ɓurɓushin lakar jiya, sannan ka jiƙa shi da ruwa dab da za ka shiga wuri mai danƙo, domin laka ba ta kama jiƙaƙƙiyar roba kamar yadda take kama busasshiya.

Ga gargaɗi da babbar murya: mai da kaki na saman takalmi ne kaɗai. Kada ko kaɗan su taɓa ƙasansa. Wanda ya shafa mai a tafin takalmi don gudun laka, ya sayi faɗuwa da kuɗinsa.

Cusa ƙafar wando cikin takalmi. Uwargida da ’yan mata su sa dogon wando a ƙarƙashin zane ko doguwar riga, don a iya ɗage bakin tufa kaɗan ba tare da damuwa ba, saboda jiƙaƙƙen bakin zane yana tara laka, yana kuma harɗe ƙafa. A jaka a sa safa ta canji ga kowa, da leda ta zuba jiƙaƙƙun kaya, da sabulu. A hannu a riƙe sanda. A aljihu kuma ɗan guntun katako mai faɗin baki, wanda shi ne zai fi komai yi maka aiki a ranar.

Matsirga, Kagoro da gonakin citta

Ruwan Matsirga yana kusa da Madakiya, ’yar tafiya kaɗan daga Kafanchan. Daga duwatsun Kagoro yake samo asali, ya zo ya zubo daga tsayin da ya kai mita 25 ko fiye zuwa cikin wani kwari, feshinsa na tashi kamar hayaƙi, idan rana ta haske shi har bakan gizo kake gani. Feshin nan shi ne yake hana hanyar gangarawa bushewa. A irin wannan wuri haɗarin yana inda laka ta ƙare dutse ya fara: takalmin da ya cika da yumɓu, idan ya hau jiƙaƙƙen dutse mai gansakuka, kamar ka taka sabulu ne. Tsaya ka kankare ƙasan takalmin kowa kafin a taka dutse. Riƙe hannun yaro, kuma kai ka kasance a ƙasa da shi a gangare. Kada son hoto ya kai kowa bakin gaɓa. Ka kuma tuna ruwan da aka yi a kan dutse yana iya ƙara ƙarfin kogi alhali inda kake tsaye ko ɗigo bai sauka ba.

Dutsen Kagoro, a Ƙaramar Hukumar Kaura, ya haura mita 1,000 daga doron teku, kuma daga samansa kana hango garin da gonakinsa shimfiɗe kamar tabarma. Hawa da safe ya fi, domin hadari ya fi haɗuwa da yamma, kan dutse kuma ba wurin tsayawa ba ne idan ana tsawa. Nemi ɗan gari ya yi maka jagora, baƙo ko da ido makaho ne. Saukowa ta fi hawa wuya, saboda ƙafa ta gaji kuma nauyin jiki yana tura ka gaba. Yi gajerun taku, ka ɗan karkata jiki gefe, ka fara kafa sanda kafin ƙafa.

A hanyar gona, bi inda tsakuwa ko gajeriyar ciyawa take, amma sanda ta riƙa yin gaba tana kaɗa ciyawar, domin damina lokacin kububuwa da kasa ne. Idan ƙafa ta nutse a taɓo kada ka fizge ta sama. Ɗaga dunduniya tukuna, ka ɗan murɗa ƙafar, iska ta shiga ƙarƙashi, sai ta sake ka. Kankare takalmi kuma tun laka tana ’yar kaɗan, ko da za ka tsaya sau goma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma hakkin mai gona. Mafi yawan cittar da Najeriya ke nomawa daga wannan yanki take fitowa, musamman Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a, kuma da kuɗinta ake biyan kuɗin makaranta da na asibiti a gidaje da yawa. A daminar 2023 wata cutar ruɓewa ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna, manoma da dama suka tashi ba iri ba riba. Cututtukan ruɓewar saiwa suna zama a cikin ƙasa, kuma lakar da ke jikin takalmi da fartanya tana iya kai su inda ba su je ba. Don haka kada ka shiga gonar mutum sai da izininsa, kada kuma ka fita daga wata ka shiga wata da lakar farko a ƙafarka.

Idan tafiyar ta kama a hau babur, ka sani laka takan cushe tsakanin tayar gaba da murfinta har tayar ta daina juyawa, ta kuma rage ƙarfin birki. Idan ɗan acaɓa ya tsaya ya ɗauki tsinke yana sakace ta, kada ka ƙosa, ranka yake tsarewa. Inda hanya ta yi muni, sauka ka taka, musamman idan akwai yaro ko mai ciki. Rafin da ya ciko kuwa, a jira shi ya janye. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan an dawo masauki

Aikin bai ƙare ba sai an duba ƙafa. Wanke ta da sabulu da ruwa mai tsabta, ka tsane ta sosai, musamman tsakanin yatsu, domin a nan laima take kwana har ta kawo cin ruwa, fatar ta yi fari, ta yi ƙaiƙayi, ta tsage. Man shafawa na dunduniya da tafin ƙafa ne, don hana faso. Kada a cusa shi tsakanin yatsu. Takalmin roba yana tara zufa, saboda haka cire shi da zarar an iso, a wanke shi tun lakar tana ɗanya, a kife shi a kan sanda a inuwa. Na fata a cusa masa tsohuwar jarida, kada a kanga shi a wuta. Da safe a zazzage kowane takalmi kafin a sa, kunama tana son wurin ɓuya.

Yanzu ga dalilin da ya sa aka ce kada a cire takalmi a hanya. A ƙasa mai laima, inda ake bahaya a fili, akwai ’ya’yan wata tsutsa da ke huda fatar ƙafa, su bi jini har su isa hanji, su zauna suna shan jini. Ƙarshenta ƙarancin jini ne, wanda ya fi cutar da yara da masu juna biyu. A cikin ƙasa kuma, musamman inda taki yake, ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora take zama, tana jiran ƙaya ko ƙusa ta buɗe mata ƙofa. Duk wanda ya taka wani abu ya huda shi, a wanke wurin sosai da sabulu, a kai shi asibiti a duba ko yana buƙatar allura, ko da ciwon ƙarami ne. Yara kuma a hana su wanka a kududdufi da ruwan da ba ya gudu, saboda tsargiya.

Mai ciwon sukari sai ya fi kowa lura, domin jijiyoyin ƙafarsa kan mutu, ya ji rauni bai sani ba. Ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare, ko wani ya duba masa, kuma ko ɗan ƙwarzane ne ya nuna wa ma'aikacin lafiya. Idan kuwa tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko abin da zai matse idan wurin ya kumbura, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. A cikin Kafanchan akwai babban asibitin gwamnati. Tambayi hanyarsa tun ranar da ka sauka, kafin buƙata ta taso.

Yumɓun da ya yi suna

Kafin ka tsine wa lakar da ta ɓata maka wando, ka biya ta ƙauyen Nok, kusa da Kwoi a Ƙaramar Hukumar Jaba. A nan ne masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin gasasshen yumɓu a 1928. A 1943 kuma aka kai wa Bature Bernard Fagg wani kan mutum na yumɓu da aka samo a yankin Jama'a, wanda mai shi ya kafa a gonar doya yana korar ɓarna da shi. Fagg ya gane hannu ɗaya ne ya yi irin waɗannan ayyuka, ya sa musu sunan Nok, kuma bincike ya tabbatar sun haura shekara 2,000. Maginan wancan zamani sun san halin ƙasarsu sarai, har tsakuwa suke cuɗawa cikin yumɓun don ya tsaya, kada ya fashe a wuta. Danƙon da ya riƙe takalminka shi ne ya riƙe waɗannan fuskoki har suka iso gare mu. Ka nuna wa yara wannan, zai fi zama musu a ka fiye da abin da suka karanta a aji.

Idan a cikin iyalinka akwai tsoho mai ciwon gwiwa, ko mai tsohon ciki, ko mai ciwon sukari da ke da rauni a ƙafa, ɗaga tafiyar zuwa Disamba. Lokacin hanya ta bushe, an baza citta tana shan iskar hunturu, ga kuma bikin Afan da mutanen Kagoro ke yi ranar 1 ga Janairun kowace shekara. Amma ruwan Matsirga zai ragu, koren ma zai dushe. Idan kuwa kowa lafiyarsa ƙalau, ku je a damina ku ga ƙasar da cikakken adonta. Ku goge takalma tun da dare, ku fita da wuri, kowa da sandarsa da safarsa ta canji, guntun katakon nan kuma a ba babban yaro ya riƙe, a ce masa shi ne sarkin kankara. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.